Yadda zaka gano dalilin misin a tsohuwar Hilux kafin ka fara siyan kaya

Mota in ta kwana biyu, ta ci kilomita 300,000 ko 400,000 tana jigilar buhuna daga Dawanau zuwa ƙauyuka, ranar da ta fara misin, wato wata silinda ta daina tashi daidai inji yana fizga, kowa a gareji sai ya zama likita, wannan yace fulogi ne, wancan yace nozul ne, wani ma ko bonet bai buɗe ba zai ce maka ai Alhaji injin nan ya gama yayi sai an sauke shi. Kai kuma da yake motar ita ce abincinka sai ka fara siye, yau fulogi gobe koyil jibi fiyul fam, kuɗi na tafiya mota na nan tana fizga yadda take. Abin da nake so ka riƙe shi ne kar ka sayi komai sai ka san wace silinda ce ba ta aiki, kuma ka san dalilinta, mafi yawan gwajin da zai nuna maka haka ba ya cin ko kwabo banda lokacinka. Zan yi maganar ne a kan Hilux mai shan fetur, irin mai inji 2TR da 3RZ masu lita 2.7 da tsohuwar 22R mai kafireta, amma duk wata akori-kura mai silinda huɗu haka zaka bi da ita. Masu dizal ma ina tafe gare ku daga baya.

Silinda huɗun nan bi da bi suke tashi, ta 1 sai ta 3 sai ta 4 sai ta 2, kamar mata huɗu suna lugude a turmi ɗaya, da zarar ɗaya ta tsallake bugunta kunnenka zai gaya maka tun daga nesa. Kowace silinda kuma tana buƙatar wuta a kan lokaci, da mai daidai gwargwado, da iska, da matsi mai ƙarfi idan fistin ya hau sama. Misin dai ɗaya daga cikin waɗannan ne ya gaza, ba wani abu ba.

Toh kafin ka taɓa sifana ka fara da tambayar yaushe take yi, in ba kai ke tuƙa ta ba ka zaunar da direban ka tambaye shi da kyau, domin amsar nan kaɗai tana rage maka rabin aiki. In tana tsaye a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, lafiya lau amma da an yi mata lodi an kama hawa, irin Hawan Kibo ɗin nan na hanyar Jos, sai ta fara fizga, toh ka fi zargin wuta, wato fulogi ko koyil ko wayar fulogi, saboda lokacin da matsi yayi yawa a silinda wuta ta fi shan wahalar tsallakawa, mai rauni a nan take faɗuwa. Fiyul fam da ya gaji shi ma a hawa yake tona kansa, amma shi yawanci zaka ji motar gaba ɗaya ta rasa ƙarfi ne kamar ana riƙe ta ta baya, ba bugun silinda ɗaya ba. In kuwa a silo take rawa, sitiyari na karkarwa, da ka taka totur ta miƙe, ka fi zargin iska na shiga ta ɓarauniyar hanya ko kuma bawul ya fara ƙonewa. Wadda ke yi da sassafe na ɗan lokaci sannan ta daina, kuma kullum sai an ƙara ruwa a lagireto ba a ga inda yake zuba ba, wannan ka sa ido kan gasket ɗin tof silinda. Wadda kuma sai an yi ruwan sama ko an wanke inji take yi, laima ce ke shiga koyil ko murfin distiribita. Ka kuma tambaya ina aka sha mai na ƙarshe, in misin ɗin ya fara ne jim kaɗan bayan an zuba na galan a wajen 'yan bumburutu, ka fara tsiyayo man a kwalba mai haske ka ajiye ta minti kaɗan, in da ruwa zaka gan shi ya kwanta a ƙasa da layinsa a fili. Kuma ba na galan kaɗai ba, kowa ya tuna watan Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima ya shiga gidajen mai, motoci da yawa suka tsaya.

Sai fitilar cek injin. In tana kunne a tsaye kana iya lallaɓawa zuwa gareji, in kuwa tana ƙyaftawa ka sassauta ƙafa ka nemi wuri ka tsaya, ma'anarta ɗanyen mai na wucewa cikin salansa yana ƙonewa a cikin indomi, wato matatar hayaƙin nan da ke jikin salansa, zai iya narkar da ita ta toshe, ga kuma man da ke wanke baƙin mai daga jikin silindar yana ƙara cinye ringi. Da tsadar da fetur yayi tun bayan cire tallafi a 2023, tafiya da silinda uku asara ce kawai kake tafkawa a kowace kilomita.

In motar mai birenbos ce, wato na'urar da ke sarrafa mai da wutar inji, a sa mata kwamfuta. Ko ɗan ƙaramin nan ELM327 da ake haɗawa da waya yana karanta da yawa daga cikinsu, wasu Hilux ɗin dai ba sa amsa masa sai babbar na'ura. P0301 na nufin silinda ta 1, P0302 ta 2, haka har P0304, ta 1 ita ce ta gaba kusa da lagireto. P0300 kuma yana nufin misin ɗin yawo yake ba a silinda ɗaya ya tsaya ba. Amma don Allah ka gane, kwamfuta ta gaya maka inda ciwon yake ne, ba ta ce maka ga abin da zaka saya ba, na sha ganin an karanta P0302 an ce koyil ne kai tsaye, alhali bawul ne. Ka rubuta lambobin a takarda kafin a goge su.

In babu kwamfuta, ko ta ƙi nuna komai, akwai hanyar da aka saba. Ka tada mota ka bar ta a silo, ka cire soket ɗin nozul, wato mai fesa mai, na silinda ta 1 ka saurara, in inji ya ƙara faɗuwa ya ƙara rawa toh wannan silindar tana aiki, mayar ka je ta gaba. Wadda ka cire baka ji wani canji ba ita ce matacciyar. Na fi son a cire na nozul a kan na koyil saboda in ka kashe wuta ka bar mai yana zuba, ɗanyen mai kake turawa salansa. A 22R da babu nozul sai dai a zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, a nan ka yi amfani da filaya mai roba a hannu, wutar nan dubban bolt ce, kuma kar ka daɗe da waya a zare.

Yanzu ka san silindar, a ce ta 2 ce. Ga gwajin da na fi so duk cikinsu, musanye. Kashe mota, kwance koyil na 2 ka kai shi silinda ta 4, na 4 ya dawo 2, ka ɗauki fulogin 2 ka kai shi silinda ta 1, na 1 ya dawo 2, ka sa alama da alli ko fenti a jikin kowanne don kar ka rikice. Ka tada mota ka sake neman matacciyar silinda. In misin ya koma 4, koyil ne, guda ɗaya zaka saya ba huɗu ba. In ya koma 1, fulogi ne. In ya tsaya a 2 bai motsa ba, toh ka wanke koyil da fulogi daga zargi ba tare da ka kashe naira ɗaya ba, saura nozul da wayarsa da matsi. Wannan 2TR kenan mai koyil a kan kowane fulogi. Masu wayar fulogi kuma sai ka auna wayar da mita, Toyota ta ce kowace waya kar ta wuce kilo-om 25, ko ka bari sai dare ka buɗe bonet a wuri mai duhu inji na aiki, in waya ta fashe zaka ga shuɗiyar wuta tana tsalle daga jikinta zuwa ƙarfe kana jin ƙas ƙas. Ka buɗe murfin distiribita ma ka duba ko ya tsage ko ƙarafunan ciki sun yi fari-fari.

Tunda ka riga ka kwance fulogan, kar ka jefar da su gefe, ka jera su a kan kwali yadda suka fito, 1, 2, 3, 4, ka dube su a rana, su ne kaɗai suka ga abin da ke faruwa a ciki. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka, a bushe. Wanda yayi baƙi ƙirin a bushe, ka shafa da yatsa ya bar maka gari, mai ne yayi yawa ko wuta ba ta ƙona shi, in duk huɗun ne haka ka tambaya ko an cire tamostat, domin al'adar nan ta cire shi wai don zafin ƙasarmu tana sa inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, birenbos ya yi ta ƙara mai. Wanda yayi baƙi yana maiƙo yana sheƙi, baƙin mai ne ke shiga silindar ta ringi ko ta sil ɗin bawul. Wanda ya jiƙe yana warin fetur, mai na zuwa wuta ce babu. Wanda yayi fari fat, mai ne bai ishe shi ba. Wanda kuma ya fi tayar min da hankali shi ne fulogin da ya fito tsaf kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa uku duk sun yi datti, wannan yawanci ruwan lagireto ne ke shiga yana wanke shi da tururi. Ka duba farin tangaran ɗin sama ma, in kaga wani siririn baƙin layi ya sauko a tsaye kamar an ja da fensir kuma ya ƙi gogewa, wuta ce ta yi wa kanta hanya ta waje, irin wannan sai an canza fulogin tare da robar koyil ɗin, in ka canza ɗaya ka bar ɗaya layin zai dawo. Ka haska ramin fulogin da tocilan, a tsofaffin injina sau da yawa zaka tarar baƙin mai ya taru a ciki saboda gasket ɗin murfin sama ya bushe, robar koyil ta jiƙe ta kumbura tayi laushi, in ba a canza gasket ɗin ba sabon koyil ɗin ma haka zai mutu.

Tazarar bakin fulogi a 2TR milimita 1.1 ce, wanda ya daɗe zaka ga ta buɗe sosai, kuma buɗewar nan ita ke wahalar da koyil har ya ƙone. Wajen saye kuma ka yi hattara, jabun Denso da NGK sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya rubutu iri ɗaya, in an ce maka iridiyom ne amma kuɗinsa bai kai rabin na sauran shaguna ba ka ajiye musu kayansu. Ko a Ƙofar Ruwa kake ko a Panteka, ka nemi mai shagon da zaka iya dawo masa da kaya in ba su yi ba. Waɗanda suka mayar da motarsu CNG su ma su sani gas ya fi fetur buƙatar wuta mai ƙarfi, fulogin da ke lallaɓawa a fetur yana iya yin misin da an juya zuwa gas.

Toh a ce misin ya tsaya a 2. Ɗauki doguwar sukudireba ka ɗora bakinta a jikin nozul ɗin, ka kara kunnenka a ƙotar, mai aiki zaka ji yana tik tik tik ba tsayawa, ka gwada da na kusa da shi ka ji bambanci. In shiru ne, ko nozul ɗin ya mutu ko wuta ba ta zuwa masa, a nan mai gyaran waya zai duba soket ɗin, don a tsohuwar mota robar wayoyin nan zafi ya gasa ta tana karyewa, wani lokacin ma ɓera ne ya ci. Da mita kuma ka auna dukkan huɗun, yawanci suna tsakanin om 12 zuwa 16, abin da ya fi muhimmanci dai su zo kusan ɗaya. Amma nozul na iya yin tik tik kuma ya toshe, saboda haka shi ma ana musanya shi da na wata silinda a gani ko misin zai bi shi, sai dai a sa sabbin robobin bakinsa, tsohuwar roba in ta yi yoyon fetur a kan inji mai zafi gobara ce.

In lambar P0300 ce, ko ka cire soket ɗaya bayan ɗaya kowacce ta nuna tana ɗan aiki, toh ka daina kallon silinda ɗaya ka nemi abin da suka yi tarayya a kai. A sa geji a auna ƙarfin fiyul fam, injinan nan suna son wajen psi 40 da 'yan kai, kuma a duba ko yana faɗuwa in an taka totur, a duba filtar mai yaushe rabon da a canza ta. Ka bi tiyo-tiyon iska da hannu kana lanƙwasa su, musamman babban na tsakanin filtar iska da totur, yana tsagewa ta ƙasa cikin lanƙwasar inda ido ba ya gani. Ƙurar hunturu kuma tana rufe sensan iyafulo, wato mai auna iskar da ke shiga inji, akwai feshin da aka yi don shi, kar a taɓa siririyar wayar ciki da hannu ko tsumma. In mai kwamfutar ya san aikinsa ka ce ya nuna maka fiyul tirim, wato yawan man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa, in ya haura 10 cikin 100 a silo amma ya sauko da an ɗaga inji, iska ce ke satar hanya, in kuwa ƙaruwa yake da an ɗaga, mai ne ba ya isa ko iyafulo ne ke ƙarya. Lambar P0171 ma labarin da take bayarwa kenan, iska ta fi mai yawa. In kana jin ƙarar sarƙa a gaban inji da safe ga kuma P0016, a duba taimin.

Yanzu ga inda tsohuwar mota ta bambanta da sabuwa, kuma nan ne nake ganin an fi cutar masu mota. Injin da ya ci kilomita masu yawa dole a auna matsinsa, kuma ni a ganina tun ranar farko da aka kwance fulogai ya kamata a yi, tunda ramukan a buɗe suke. A bar inji ya ɗan yi zafi, a cire fulogai duka, a cire fis ɗin fiyul fam da soket ɗin koyil, a ɗaura gejin a rami na 1, wani ya take totur har ƙasa ya yi ta kik har allurar ta daina hawa, a rubuta, a wuce na gaba, batir kuma ya zama mai ƙarfi. A 2TR da 3RZ lafiyayye yana ba da wajen psi 178, ƙasa da 128 kuma ya faɗi, amma abin da zaka fi kallo shi ne bambancin da ke tsakaninsu, in uku suna 160 ɗaya tana 90 ka ga mai laifi. Sai a zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a ramin mai rauni a sake aunawa. In allura ta hau sosai, ringi ne suka cinye, man ne ya toshe gibin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, matsalar a sama take, bawul ne ko gasket, kuma wannan tof silinda kawai za a cire, ba sai an sauke inji gaba ɗaya ba. In biyu da ke maƙwabtaka ne suka faɗi tare, kamar 2 da 3, gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Don ƙarin tabbaci kan gasket, da safe inji na sanyi ka buɗe murfin lagireto ka tada mota ka leƙa, in kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa hayaƙi ne ke shiga ruwa. Kar ka kuskura ka buɗe murfin nan inji na da zafi.

Masu 3RZ ku ƙara da wannan, injin ba ya daidaita bawul da kansa, da shim, wasu siraran faifan ƙarfe, ake saita shi, kuma in ya tsufa tazarar bawul ɗin hayaƙi tana matsewa har ya daina rufewa sosai, daga nan sai ya ƙone. Abin takaicin shi ne bawul ɗin da ya matse ba ya ƙara, shiru yake, sai mai mota ya ɗauka komai lafiya. In an kama shi da wuri saiti kawai za a yi. 22R ma ana saita nata, da sukudireba da sifana, ya fi sauƙi. 2TR kuwa da baƙin mai yake daidaita bawul ɗinsa da kansa, shi yasa jinkirin juye da zuba man da ba a san asalinsa ba ke jawo masa matsala.

Don haka in bakanike yace maka sai an sauke inji, ba faɗa zaka yi da shi ba, cewa zaka yi "Maigida, a ɗan sa mana geji mu ga lambar kowace silinda tukuna." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, in ma ba shi da gejin zai aiki yaro ya aro a maƙwabta, kai ma kana tsaye kana gani da idonka.

Masu dizal, ku babu fulogin wuta babu koyil, naku mai ne da matsi da iska a cikin layin mai. Ku fara da filtar dizal da tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasanta, ku duba ko layi na shan iska, alamarsa mota na wahalar tashi da safe sai an yi ta famfo da hannu. A tsofaffin injina masu famfon gargajiya irin 3L da 5L, ko tsohuwar Kanta, ana sassauta nat ɗin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya inji na silo, a rufe da tsumma, wanda aka sassauta sauti bai canza ba shi ne mara aiki, sai a kai nozul ɗin wajen masu gwaji a ga yadda yake feshi. Amma wallahi kar wanda ya gwada haka a 1KD ko 2KD, wato D-4D, matsin man da ke cikin bututun nan yana iya haura bar 1,300 a ma'aunin matsi, yana huda fata ya shiga jiki, kuma raunin da ido zai raina yana iya kaiwa ga yanke yatsa. Waɗannan da kwamfuta ake duba gyaran da birenbos ke yi wa kowane nozul, ko a auna man da kowanne ke mayarwa baya a cikin 'yan kwalabe, wanda kwalbarsa ta riga sauran cika nesa ba kusa ba shi ne ya gaji. In an sa sabon nozul kuma dole a shigar da lambar da ke jikinsa cikin birenbos, a canza wosha ɗin da yake zama a kai, in ba haka ba misin ɗin yana iya ci gaba ko da kayan sababbi ne fil.